Tambaya Kan Iyakar Baƙin Rami: Me Zai Hana Roka Fitowa?

Malama Hadiza ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina koyar da fiziks a ajin ƙarshe na wata makarantar sakandare ta 'yan mata, kuma akwai wata mas'ala da ta tsaya mini a rai tun lokacin da muka shiga babin ƙarfin jan nauyi, wadda nake roƙon waɗanda Allah ya hore wa sani a wannan fanni su taimaka su warware mini ita.

Bayanin da muka saba yi wa ɗalibai shi ne, kowace duniya da kowane tauraro yana da wani gudu da sai abu ya kai shi kafin ya kuɓuce wa jansa. A doron ƙasarmu gudun nan kilomita 11.2 ne a daƙiƙa guda, a fuskar rana kuwa ya kai kimanin kilomita 618. Daga nan sai mu ce baƙin rami, wato wani wuri a sararin samaniya mai tsananin jan nauyi, yana da wata iyaka da ta kewaye shi, inda gudun kuɓutar ya kai gudun haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma tun da babu abin da ya fi haske gudu, duk abin da ya ƙetare wannan iyaka ya tafi ke nan.

Wata ɗaliba ta ce bayanin bai gamsar da ita ba, kuma hujjarta ita ce gudun kuɓuta ya shafi abin da aka harba sau ɗaya aka bar shi ne kawai. Roka wadda injinta bai daina aiki ba tana iya barin duniya ko da tafiyar hawainiya take yi, matuƙar mai bai ƙare mata ba. Saboda haka, in ji ta, me zai hana roka mai ƙarfin gaske ta lallaɓa ta fito daga cikin iyakar a hankali? Ko kuma me zai hana a zura na'ura da igiya mai ƙwari, ta leƙa, sannan a jawo ta? Na juya hujjar nan ta kowace fuska, kuma a iya lissafin Newton da muke koyarwa ban ga inda ta karye ba.

Tambaya ta biyu tawa ce. Idan har haske ba ya fitowa, mene ne aka ɗauka a hoton nan na baƙin rami mai jan zobe da ya zagaya duniya a shekarar 2019? Na kuma karanta cewa shi wannan ramin yana feso wani dogon harshe na wuta zuwa sararin samaniya, to ta ina harshen yake fitowa? Allah ya saka wa duk wanda ya ba da lokacinsa da alheri.

Malam Garba ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, ki riƙe wannan yarinya hannu bibbiyu, domin ta gano lagon bayanin da ke cikin littattafan makaranta, kuma dalilin da ya sa ba ki ga inda hujjarta ta karye ba shi ne, a lissafin Newton gaskiya ta faɗa.

Shi bayanin gudun kuɓuta ya girmi Einstein nesa ba kusa ba. A shekarar 1783 wani limamin coci a Ingila mai suna John Michell, wanda kuma masanin kimiyya ne, ya rubuta wa Henry Cavendish wasiƙa yana cewa idan aka samu tauraro mai cunkushewa irin ta rana amma faɗinsa ya ninka nata sau 500, to hasken da ya tashi daga fuskarsa zai komo masa. Laplace a Faransa ya zo da irin wannan tunani a 1796. Sai dai a tauraron Michell haske yana tashi ne ya yi sama, gudunsa ya riƙa raguwa, sannan ya juyo ya faɗo, wanda ke nufin duk wanda ya matsa kusa zai iya ganin tauraron, kuma roka mai isasshen mai za ta bar shi lafiya lau. Wannan shi ne tauraron da ɗalibarki ta kayar.

Baƙin ramin da masana suke magana a kansa yau ya fito ne daga ka'idar da Einstein ya kammala a watan Nuwamba na 1915, wadda take cewa nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci, kuma abin da muke kira faɗuwa bin wannan lanƙwasa ne. Cikin makonni kaɗan Karl Schwarzschild, masanin taurari Bajamushe wanda a lokacin yake aikin soja a fagen daga na gabas, ya warware lissafin ga abu mai siffar ƙwallo wanda ba ya juyawa, ya aika wa Einstein, kuma bai daɗe ba ya rasu a watan Mayu na 1916. A cikin lissafinsa akwai wani nisa daga tsakiya, inda iyakar take, wanda ya dogara ga nauyin abin kaɗai: kimanin kilomita 3 ga nauyin rana, kilomita 30 ga abin da ya ninka ta sau 10, duniyarmu kuwa sai an matse ta har nisan tsakiyarta da gefenta ya koma milimita 9. Abin mamaki, lambar ta zo daidai da wadda ake samu ta hanyar Michell, shi ya sa marubuta littattafai suke bin gajeriyar hanya, alhali dalilin da ke ƙarƙashin lambobin biyu ya sha bamban.

Ga yadda nake fahimtar da nawa ɗaliban. A ƙaddara masunci yana cikin kwale-kwale a kogin da ke gangarawa zuwa wani gwagwaren dutse inda ruwa yake zuba ƙasa, kuma ruwan yana ƙara gudu gwargwadon kusantarsa da bakin zubar. Masuncin yana da iyakar ƙarfin tuƙinsa. A can sama, inda ruwa yake tafiya a hankali, yana iya juyawa ya koma gida duk sa'ad da ya ga dama. Amma akwai wani wuri a kogin inda gudun ruwa ya yi daidai da iyakar tuƙinsa, kuma a wurin nan babu turke, babu dutse, ruwan bai canza launi ba, babu wata alama da ido zai gani. Idan ya tsaya a kan wurin yana tuƙi da dukkan ƙarfinsa, ba zai ci gaba ba kuma ba zai koma baya ba. Idan ya gota shi da taku ɗaya, to ko da hancin kwale-kwalen yana kallon gida, ko da bai daina tuƙi ba, zubar zai nufa. Kogin shi ne sararin da kansa, iyakar tuƙi ita ce gudun haske, wurin da ba shi da alama kuwa shi ne iyakar baƙin rami. Hasken da aka kunna a kan iyakar aka nufa waje da shi yana tsayawa ne a nan, roka kuwa komai yawan manta ba ta kai haske gudu, saboda haka ƙara mata ƙarfi ba ya canza komai. Misali ne kawai, kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, amma lissafin yana goyon bayansa fiye da yadda yake goyon bayan zancen gudun kuɓuta.

Idan aka zurfafa, lissafin yana cewa a cikin iyakar duk wata hanya da abu zai iya bi, har da wadda take kama da ta fita, tana ƙarewa ne a tsakiya. Isa tsakiyar ya zama abin da ke gaban matafiyi a lokaci, kuma babu injin da yake mayar da mutum jiya. Batun igiya ma a nan ya tsaya. Ƙarfin da ake buƙata domin a riƙe abu cik a wuri ɗaya yana hauhawa ba iyaka yayin da ake kusantar bakin ramin, sannan abin da ya haɗa ƙwayoyin igiya da juna shi ma ba ya isar da ja da gudun da ya wuce na haske. Saboda haka ɓangaren da ya ƙetare ba shi da hanyar riƙe na waje, dole ne ko igiyar ta tsinke ko ta tafi da mai riƙe da ita.

Kada ki ga laifin kowa idan abin ya yi masa nauyi, domin manyan masana sun shafe sama da shekara 40 suna kai-komo a kansa. Einstein da kansa ya wallafa maƙala a 1939 yana ƙoƙarin nuna cewa irin wannan abu ba zai samu a zahiri ba, kuma a wannan shekarar ce Robert Oppenheimer da ɗalibinsa Hartland Snyder suka nuna cewa babban tauraron da makamashinsa ya ƙare zai iya ruftawa ya wuce iyakar. Sai a 1958 David Finkelstein ya fayyace cewa iyakar mashiga ce mai hanya ɗaya, a 1965 kuma Roger Penrose ya tabbatar da lissafi cewa ruftawar ba ta buƙatar tauraron ya kasance mai cikakkiyar siffar ƙwallo, aikin da ya samar masa rabin kyautar Nobel ta fiziks a 2020.

Injiniya Bashir ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Ni zan tsaya ne kan tambaya ta biyu, domin aikina ya shafi na'urorin sadarwa, kuma yadda aka ɗauki hoton nan ya daɗe yana burge ni.

Malama, duk hasken da ke cikin hoton daga wajen iyakar ya taso. Ramin yana tsakiyar dandazon taurarin da ake kira M87, nisansa da mu ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 55, nauyinsa kuma ya ninka na rana kimanin sau biliyan 6.5. Iskar gas da ke kewaya shi tana gugar juna tana yin zafi mai tsanani, ita ce take ba da haske. Daga cikin hasken nan, wanda ya bi nesa da ramin yana lanƙwasa kaɗan ya wuce, wanda ya matsa sosai yana iya zagaya ramin rabin zagaye ko fiye kafin ya kuɓuta ya nufo mu, wanda ya matsa fiye da haka kuwa ya faɗa. Zoben da kike gani shi ne hasken da ya sha da ƙyar, duhun tsakiya kuma gurbin hasken da aka haɗiye ne. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato duhun ya fi iyakar girma, domin lanƙwasar haske tana faɗaɗa shi har ya ninka faɗin iyakar kusan sau biyu da rabi. Ita iyakar tana can cikin duhun, kuma duk da haka daga tsakiyarta zuwa gefenta kimanin kilomita biliyan 19 ne, wato ya ninka nisan duniyar Neptune da rana fiye da sau huɗu.

Launin jan nan kuwa masu aikin ne suka zaɓe shi domin nuna inda haske ya fi ƙarfi, tun da igiyoyin rediyo ne masu tsawon zangon milimita 1.3 aka kama, waɗanda ido ba ya gani. Ƙasan zoben ya fi samansa haske saboda iskar da ke wannan ɓangare tana tahowa wajenmu da gudu mai yawa.

Yadda aka yi aikin shi ne abin jinjinawa. Daga nan duniya ramin ƙanƙane ne ƙwarai a sararin sama, ta yadda sai da faifan kama sigina mai faɗin duniya baki ɗaya za a iya rarrabe shi. Tun da ba za a iya gina irin wannan ba, sai aka haɗa na'urorin hangen nesa guda 8 da ke Chile da Hawai da Meziko da Arizona da Sifaniya da kuma can ƙurewar kudancin duniya a Antatika, aka sa suka yi aiki a darare ɗaya a watan Afrilu na 2017, kowace tana rubuta abin da ta kama tare da lokacin agogo mai tsananin daidaito. Bayanan sun yi yawan da intanet ba za ta ɗauka ba, sai a faya-fayen ajiya aka loda su a jiragen sama zuwa cibiyoyi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a birnin Bonn na Jamus, kuma na Antatika sai da aka jira hunturun can ya wuce jirage suka fara tashi. An bayyana hoton ranar 10 ga Afrilu, 2019. Na ramin da ke tsakiyar namu dandazon taurarin ya biyo baya ranar 12 ga Mayu, 2022.

Shi ma harshen wutar daga waje yake. Heber Curtis ne ya fara lura da shi tun 1918, kuma tsawonsa ya kai tafiyar haske ta dubban shekaru. Ba dukkan iskar da ke kewaya ramin ce take faɗawa ba, wani kaso nata ƙarfin maganaɗisu da ya murɗe a kewayen ramin yana kama shi ya cilla shi ta saman ramin da ƙasansa tun bai kai iyakar ba. Ina so ɗalibai su san cewa baƙin rami ba ya zuƙe duk abin da ke kusa da shi haka kawai. Da za a ɗauke rana a sa baƙin rami mai nauyinta a gurbinta, duniya za ta ci gaba da kewayarta a hanyarta ta yau, duhu da sanyi ne kawai za su same mu. A ganina, bayan wannan hoto babu sauran shakka cewa an ga iyakar baƙin rami.

Malama Hadiza ta rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. Batun roka da igiya ya zauna mini daram, haka ma batun hoton. Sai dai bayanin Malam ya haifar mini da wata tambayar. Na sha karanta cewa wanda yake kallo daga nesa ba zai taɓa ganin abu ya ƙetare iyakar ba, zai ga yana rage gudu ne har ya daskare a bakinta. Idan haka ne, ta yaya ramin yake ƙara nauyi, tun da a wajenmu babu abin da ya taɓa shiga? Kuma shi wanda yake faɗawar, me zai gani, me zai ji a jikinsa a daidai lokacin da yake ƙetarewa? Wanne ne gaskiya tsakanin labarin mai kallo da labarin mai faɗawa?

Zainabu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman izinin Baba Malam da Yaya Bashir in sa baki, domin wannan ɓangare ne da muka karanta a jami'a kuma yana cikin abubuwan da suka fi jan hankalina.

Anti Hadiza, labaran biyu duk gaskiya ne, kuma abin da ya sulhunta su shi ne agogo ba ya tafiya iri ɗaya a ko'ina. Wannan ba zancen takarda kawai ba ne, domin taurarin ɗan'adam na GPS da wayoyinmu suke dogara da su suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, inda jan duniya ya fi rauni, kuma saboda haka agogonsu yana riga namu da kashi 45 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, gudunsu kuma yana rage kashi 7, sai ya rage 38. Da ba a gyara wannan bambanci ba, kuskuren nuna wuri zai riƙa taruwa har kimanin kilomita 10 a rana guda. A kusa da baƙin rami wannan jinkiri ne yake tsananta har ya wuce misali. An ma auna shi a can: tauraron da ake kira S2, wanda yake kewaya ramin tsakiyar dandazonmu sau ɗaya a shekara 16, ya yi kusantarsa mafi girma a watan Mayu na 2018 yana gudun da ya haura kilomita 7,000 a daƙiƙa, kuma na'urorin da ke Chile sun ga haskensa ya karkata zuwa ja daidai gwargwadon abin da ka'idar Einstein ta ce.

To a ƙaddara mai faɗawa yana riƙe da fitila da ke ƙyaftawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa bisa agogonsa. Kowace ƙyaftawa tana ɗaukar lokaci fiye da wadda ta gabace ta kafin ta fito ta iso wurin mai kallo, launinta kuma yana sauka daga fari zuwa ja, daga ja zuwa abin da ido ba ya gani, har ya koma igiyoyin rediyo masu rauni. Abin da ake yawan mantawa shi ne adadin ƙyaftawar da ya yi kafin ya ƙetare ƙididdigagge ne, akwai ta ƙarshe, kuma bayanta babu wata. Saboda haka mai kallo ba zai zauna yana ganin mutum a daskare shekara da shekaru ba, dusashewa zai ga ya yi ya ɓace. A ramin da ya ninka rana sau 10 dusashewar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba, a na tsakiyar dandazonmu kuwa, wanda nauyinsa ya kai na rana kimanin miliyan 4, al'amarin na mintoci ne. Game da ƙarin nauyi, jan da ake ji daga nesa na ramin ne haɗe da duk abin da ya taru a bakinsa, sannan ita iyakar tana kumbura ta tarbi abin da ke faɗowa ta rufe shi.

Shi mai faɗawa agogonsa yana tafiya yadda ya saba, kuma yana ƙetare iyakar ba tare da ya ci karo da komai ba, kamar yadda Baba Malam ya nuna. Abin da zai cutar da shi bambancin ja ne tsakanin ƙafarsa da kansa, domin ɓangaren da ya fi kusa da ramin ya fi shan ja. A nan akwai abin da ya saɓa wa zato, wato ƙaramin rami ya fi babba haɗari a bakin iyaka. A mai nauyin rana 10, wanda iyakarsa take kilomita 30 daga tsakiya, jikin mutum zai yage tun yana da ɗaruruwan kilomita kafin ya iso. A na tsakiyar dandazonmu, wanda iyakarsa take kimanin kilomita miliyan 12, bambancin jan a bakin iyakar ƙanƙane ne ta yadda ba zai ji komai ba, zai ƙetare da ransa da hankalinsa, yana kuma ci gaba da ganin hasken taurarin waje domin shi haske shiga yake yi ba a hana shi ba. Abin da ya rage masa daga nan zuwa tsakiya, a lissafin ramin da ba ya juyawa, bai wuce kimanin minti ɗaya ba, a na M87 kuma kimanin kwana guda.

Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne mutumin ba shi da wata na'ura da za ta gaya masa cewa yanzu ne ya ƙetare, domin ana ayyana iyakar ne da makomar hasken da ya tashi daga wuri, ko zai kai waje wata rana ko ba zai kai ba.

Malam Garba ya rubuta:

Madalla da Zainabu, Allah ya yi albarka, bayaninki ya wadatar. Abu biyu zan ƙara, sannan in ɗan ja da maganar Injiniya ta ƙarshe.

Na farko, duk da cewa iyakar ba jiki ba ce, tana da doka mai tsauri. A 1971 Stephen Hawking ya nuna cewa a ka'idar Einstein faɗin fuskar iyakar ba ya raguwa, ko da ramuka biyu sun haɗe. Malama, wannan lissafi ne da 'yan ajinki za su iya yi a allo. Ranar 14 ga Satumba, 2015 na'urorin LIGO guda biyu a Amurka, waɗanda aka gina domin auna girgizar sarari, suka kama girgizar sarari daga haɗewar ramuka biyu, ɗaya mai nauyin rana kimanin 36 ɗaya 29. Jimlarsu 65, amma ramin da aka samu 62 ne, sauran ukun sun fita a matsayin girgizar. Nauyi ya ragu ke nan. To amma faɗin fuskar iyaka yana tafiya ne da nauyi sau kansa, don haka 36 sau 36 a haɗa da 29 sau 29 ya ba da 2,137, alhali 62 sau 62 ya ba da 3,844. Juyawar sabon ramin tana rage wannan lamba ta biyu kaɗan, amma ba ta kusa sauko da ita zuwa ta farko ba. Su ma ukun da suka fita daga makamashin kewayawar ramukan suka fito, wanda yake wajen iyakokinsu.

Na biyu, wata ɗaliba za ta iya kawo miki zancen cewa Hawking ya ce baƙin rami yana fitar da haske. Haka ne, a 1974, bayan Jacob Bekenstein ya danganta faɗin iyakar da ka'idojin zafi, Hawking ya haɗa lissafin da ka'idar ƙananan ƙwayoyin zarra ya samu cewa rami yana da ɗan zafi kuma yana tsiyayar da makamashi a hankali. Sai dai wannan tsiyaya a kewayen iyakar take samuwa, babu wani abu da ya hauro daga ciki, kuma har yau ba a auna ta ba. Dalili kuwa a fili yake, domin zafin rami mai nauyin rana kashi 60 ne cikin biliyan na digiri ɗaya sama da ƙurewar sanyi, alhali sararin samaniya kansa yana da digiri 2.7 sama da wannan ƙurewa, don haka abin da ramin yake haɗiya ya fi abin da yake fitarwa. Kafin irinsa ya ƙare sai an yi shekaru da adadinsu ya kai 1 da sifili 67 a bayansa.

Injiniya, inda nake ja da kai shi ne cewar da ka yi an ga iyakar. Kai da kanka ka faɗa cewa duhun ya fi ta girma kuma hasken daga waje yake, saboda haka abin da hoton ya tabbatar shi ne akwai nauyin rana biliyan 6.5 cushe a cikin wuri mai ƙanƙantar da ka'idar ta ce, kuma haske yana lanƙwasa a kewayensa yadda ta ce. Wannan babbar nasara ce, ban rage mata komai ba, amma ina son mu koya wa yara bambanci tsakanin abin da aka gani da abin da aka fahimta daga hujja. Iyakar da ba ta aiko da haske ba a gane ta sai ta hanyar rashin abin da ya kamata a gani da a ce akwai daskararriyar fuska a wurin.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga kwatanta ramuka da taurarin nutron, waɗanda su ma gawarwakin manyan taurari ne, masu faɗin kimanin kilomita 20, amma suna da fuska ta zahiri. Idan tauraron nutron yana jan iskar gas daga wani tauraro maƙwabcinsa, iskar tana taruwa a fuskarsa tana matsewa, har ta kai matakin da za ta kama da wutar nukiliya gaba ɗaya, sai a ga walƙiyar hasken eksire mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi zuwa mintoci, kuma abin yana maimaituwa bayan sa'o'i ko kwanaki. An ga irin wannan walƙiya sau dubbai tun daga shekarun 1970. A wuraren da awon nauyi ya nuna cewa abin da ke jan iskar ya fi ƙarfin ya zama tauraron nutron, irin su Cygnus X-1 da aka gano a 1964 wanda nauyinsa ya kai na rana kimanin 21, iskar tana zuba kamar yadda take zuba a can, faifan da ke kewaye yana haske kamar yadda yake yi a can, amma ba a ga irin waccan walƙiya ba, domin iskar ba ta samu inda za ta sauka ta taru ba.